Sunan 'Yar Fari

A Zauren Alƙalami na Agege muna da wata doka da kowa ya sani: ranar da ake sharhin rubutunka, kai gawa ne. Za ka zauna a bencin gaba ka naɗe hannu, mu juya ka yadda muka ga dama, ba ka da bakin cewa a'a, ba haka nake nufi ba. Malam Sunusi, shugabanmu, shi ya kawo dokar, kuma ta yi mana rana, don kafin a yi ta duk zaman da muka yi da faɗa muke tashi. Ka ce wa mutum baitinsa ya karye, sai ya riƙe ka a zuciya har Sallah ta zagayo. Ni ce sakatariya, ni nake buga rubuce-rubucen mutane in raba, ni nake karanta su a gaban zaure, kuma ni aka fi sani da baki. Sunana Saratu, Hausa nake koyarwa a wata makaranta da 'yan Arewa suka gina a nan unguwar.

Ranar Lahadi muke haɗuwa bayan la'asar, a wani ajin Islamiyya da ke gefen layin dogo. Idan jirgi ya zo wucewa, ko a tsakiyar baiti kake dole ka yi shiru ka jira shi. Bencin baya kuwa na Malam Lado ne. Ɗan kasuwar albasa ne a Mile 12, mutumin Kura, ya daɗe a Legas har furfura ta same shi a nan. Shekara da shekaru yana zuwa zauren bai taɓa kawo ko layi ɗaya ba. Saurare kawai yake yi, in baiti ya yi masa daɗi ya ce "Allah Sarki," in muka fara musu ya fita ya sayo mana ruwan leda. Mun ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin bencinan.

Da damina 'yarsa ta fari ta rasu. Umaima sunanta, ba ta kai shekara goma ba, sikila ce ta yi ta fama da ita har Allah ya karɓi abinsa a babban asibitin da ke Idi-Araba. Muka je gaisuwa, muka dawo, muka ci gaba da harkokinmu. A lokacin muna tattara waƙoƙi da gajerun labarai don fitar da littafinmu na farko, kowa ta kansa yake yi.

Wata Lahadi bayan an watse, ina haɗa takarduna, sai na ga mutum tsaye a kaina yana murza hula.

"Malama, ina da ɗan wani abu. Ban sani ba ko waƙa ce."

Ya miƙo mini takarda da ta sha ninki. Rubutun manya-manya ne, na wanda ya saba rubuta suna a jikin buhu. Ba ta da tsawo. Ya faɗi yadda yarinyar take tsoron allura, da yadda take rera karatun Islamiyya da muryar Yarabawa, da yadda take ɓoye naman miyarta sai ƙarshe. Ga yadda ya rufe ta:

Na dawo kasuwa da warin albasa,
ba wanda ya toshe hanci ya ce ekabo.
Silifa ɗaya na nan a bakin ƙofa,
ɗayan mun baro shi a asibiti.
Umaima.
Umaima, ni ne.

Ni da nake cika baki cewa babu rubutun da zai sa ni hawaye, sai da na juya na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

"Malam Lado, wannan waƙa ce," na ce.

"To, so nake ta shiga littafin nan." Ya dubi ƙofa ya tabbatar babu kowa, sannan ya rage murya. "Malama, kin san 'yar fari ce. Tun da aka raɗa mata suna ban taɓa kiran ta da shi ba. Ke, nake cewa. Ke, zo nan. Ke, kawo ruwa. Haka na ga ubana ya yi da yayana, haka na yi. Uwarta ma haka. Wata rana yarinyar nan ta tsare ni ta ce, Baba, abi ka manta sunana ne? Na yi dariya na kore ta."

Ya share fuska da tafin hannu.

"Da can ko ban faɗa ba ina jin sa. Maƙwabtanmu Yarabawa ne, su da ɗan fari suke kiran mutum. In na shigo a ce Baba wance ya dawo, in uwarta ta fito a ce Iya wance. Tun da aka yi rasuwar, don tausayi, suka koma kiran mu da sunan ƙanenta, Baba Nazir da Iya Nazir. Yanzu duk gidan babu mai faɗar sunan. Kamar ba a taɓa yin ta ba."

Na lura ko a nan "wance" ya ce. Na tambaye shi me zai hana ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya faɗa.

"Na gwada, bakin ba ya buɗuwa. Amma in yana cikin littafi, ranar ƙaddamarwa za a ce in tashi in karanta. Abin da aka buga ai karanta shi ake yi, babu mai cewa na yi rashin kunya. Sau ɗaya nake so in faɗe shi da ƙarfi, uwarta tana zaune tana ji. Shi ke nan buƙatata."

Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa wannan maganar, wai kada a karɓi waƙar don tausayi. Na yi masa alkawari.

Lahadin da ta biyo baya Malam Lado ya bar bencin baya ya dawo na gaba, ya naɗe hannu kamar ɗalibin da aka kama da laifi. Na tashi na karanta. Da na zo kan sunan, na ga kafaɗarsa ta motsa, amma bai ɗago ba. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci.

Malam Sunusi ne ya fara magana. Kada a ce na zalunce shi: mutumin kirki ne, kuma ya san waƙa. Ya yi karatun ma'aunin waƙa a hannun malamai, in ka rera masa baiti yana ƙwanƙwasa tebur da yatsa, kafin ka kai ƙarshe ya gaya maka inda ƙafar ta gurɗe. Matsalarsa ɗaya, duk abin da bai yi kama da waƙoƙin da ya haddace ba, a wurinsa mara lafiya ne da ke buƙatar magani.

"Allah ya jiƙan yarinya, ya sa mai ceto ce," ya ce. Muka amsa da amin. "To, yanzu mu ajiye mai waƙa mu ɗauki waƙa. Jigo a fili yake, marsiyya ce, wato waƙar makoki. Amma babu mabuɗi, ba a fara da sunan Allah ba. Babu amsa-amo, kowane ɗango da inda ya nufa, wannan ya ƙare da sa, wancan da bo, wancan da fa. Kari kuwa ban same shi ba sam. Sannan ga kalmar Yarabanci a tsakiyar waƙar Hausa. Ga silifa, ga warin albasa. Marsiyya tana da nata kaya, jama'a. Ana kamanta mamaci da fure ko tauraro, a rufe da tawakkali. A nan ban ga inda aka sallama wa Ubangiji ba."

Malam Mato, wanda yake koyar da Larabci a Ojo kuma ba ya taɓa saɓa wa shugaba, ya gyaɗa kai ya ƙara da cewa ɗango biyu na ƙarshe ba ɗangwaye ba ne ma, kalma ɗaya ba ta zama ɗango.

Ban jira an ba ni dama ba.

"Shugaba, ka duba da kyau. Daga farkon waƙar nan har ƙarshenta bai ce ta mutu ba. Ina kalmar mutuwa? Babu. Silifa ɗaya ya ajiye mana a bakin ƙofa, kowa a ajin nan ya gane, har da masu share ido suna cewa ƙura ce. Ba alamtarwar da kake koya mana ke nan ba, a nuna abu kaɗan ya tsaya a madadin babba? Ekabo kuma, wato sannu da zuwa, ba ado ba ne, muryar yarinyar ce. A Agege aka haife ta, da wannan kalmar take tarbar ubanta. Ka cire ta, ka cire bakin yarinyar."

"To karin fa, Malama?"

"Ɗangwayen suna tafe da tsawonsu, suna tafe, sai ga suna shi kaɗai a layi. Nan numfashin ya yanke. Mutumin da yake kiran wanda ba zai amsa ba, ba ya auna gaɓa."

Malam Mato ya yi murmushi. "Malama Saratu, abin da kike kwatantawa ai kuka ne, ba waƙa ba."

"To ku da kuka san waƙa, wace kuka taɓa kawo mana da ta sa ajin nan ya yi shiru haka?"

Nan aka fara hayaniya. Wasu matasa suka goyi bayana, dattawa suka ce na cika zafin kai, jirgi ya zo ya raba mu. Duk wannan Malam Lado yana zaune, idonsa a ƙasa. Da jirgin ya wuce, Malam Sunusi ya yanke hukunci: an karɓi waƙar, za ta shiga littafi, amma bisa sharaɗin kwamitin gyara ya daidaita ta. Kwamitin kuwa shi ne da Malam Mato. Malam Lado ya tashi yana godiya, har da rusunawa, fuskarsa ta yi wani haske da ban gani ba tun kafin damina.

Na tare shugaba a bakin ƙofa. "Malam, ku yi duk gyaran da za ku yi, amma don girman Allah kada ku taɓa ɗango biyun ƙarshe."

"Za mu duba, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba za mu bari ɗan'uwanmu ya ji kunya ba."

Daga nan jarrabawa ta taso a makarantarmu. Malam Sunusi da kansa ya kwashi rubuce-rubucen ya kai wa mai ɗab'i a Shomolu. Na yi ta tambayar a nuna mini kafin a buga, kullum amsar ita ce lokaci ya ƙure, mai ɗab'i yana jira.

Ranar ƙaddamarwa Asabar ce, da hantsi, a farfajiyar Islamiyyar. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, baƙi sun zo daga Idi-Araba da Ikorodu da Mile 12. Malam Lado ya zo cikin farar shadda da ta sha guga, da matarsa Hafsa, da ƙaramin ɗansu Nazir. Hafsa mace ce mai sanyi, ba ta yawan fita, tun bayan rasuwar ma ban ƙara ganin ta ba sai ranar. Ta rame ƙwarai. Da muka gaisa ta riƙe hannuna ta ce, "Malam ya ce yau zai karanta ta yarinyar." Na ce mata haka ne, na zaunar da ita a gaba a ɓangaren mata.

Littattafan ba su iso ba sai da aka fara addu'ar buɗe taro, a cikin keke, kwalaye a ɗaure da igiya. Na yanke igiyar, na zaro ɗaya, na buɗe wurin sunan Malam Lado. Kan waƙar ya koma "Marsiyyar Ɗiyata". Baitoci ne a jere, ɗango huɗu-huɗu, kamar an auna da gwangwani. An buɗe da yabon Ubangiji da salati. Ƙarshenta kuma ga shi:

Ya Rabbi kai ke bayarwa da karɓewa,
Furen gidana yau ga shi yana bushewa,
Sanyin idona, tauraro mai haskawa,
Mun sallama wa Sarki mai ƙaddarawa.

Na koma farko na bi ta da yatsa har ƙasa. Babu allura, babu naman miya, babu silifa, babu ekabo. Babu Umaima.

Ban san lokacin da na isa bayan rumfar manyan baƙi ba. Na jawo Malam Sunusi gefe da hannun riga, abin da ban taɓa yi ba.

"Malam, ina sunan?"

"Wane suna?"

"Sunan yarinyar!"

"Malama, rage murya." Ya gyara babbar rigarsa. "Na farko, bai shiga amsa-amon ba. Amma ba wannan ba ne babban dalili. Malam Mato ne ya tuna mini cewa 'yar fari ce. Ki yi tunani, dattijo kamar Malam Lado ya tsaya gaban surukansa da abokan kasuwarsa yana kiran sunan 'yar fari da lasifika? Zafin rashi ne ya sa ya rubuta, bai san ya yi ba. Mu da muke cikin hayyacinmu, aikinmu ne mu rufa masa asiri. Kwana da kwanaki na yi a kan waƙar nan, wallahi ko tawa ban yi wa wannan hidimar ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya yake faɗa. Don ƙauna ya yi. Da mugunta ce, da na san abin da zan gaya masa.

Na sami Malam Lado a bakin famfo yana wanke hannu, ya ce gumi yake ta yi. Na miƙa masa littafin a buɗe. Ya karanta a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya kai ƙarshe, ya juya shafin ko akwai saura a baya, ya tarar da labarin wani. Ya dawo ya sake karantawa.

"Ta yi kyau," ya ce. "Ta zama irin ta malamai."

"Malam Lado, taka tana cikin wayata, yadda ka rubuta ta. Ga ta. In an kira ka, ka ajiye littafin ka karanta wannan. Ni zan tsaya maka, duk wanda zai yi magana ya yi da ni."

Ya dubi wayar, bai karɓa ba.

"Kowa zai buɗe littafinsa yana bi, Malama. Za su ga babu shi a ciki. Za a ce ni na ƙara da bakina. Kuma Malam Sunusi ya sha wahala. In na karanta wata, na tozarta shi a gaban baƙinsa. Mutumin da ya sa sunana a littafi."

"Ba don sunanka ka kawo ta ba!"

"Na sani," ya ce, ya rufe littafin.

Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, har na ce masa wannan kunyar tasa ta isa haka. Bai yi fushi ba. Ya ce in yi haƙuri, kamar ni aka yi wa rashin.

Da aka kira shi, ya fita ya tsaya gaban lasifika, ya riƙe littafin da hannu biyu. Ya karanta tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, don waƙar a daidaice take, ko yaro zai iya rera ta. Dattawa suna gyaɗa kai a ƙarshen kowane baiti. Da ya gama ɗangon ƙarshe bai sauka ba. Ya ɗago ya dubi ɓangaren mata, ya buɗe baki, ya tsaya a haka. Ni ina daga gefe ina cewa a zuciyata, faɗa, Malam, faɗa mana. Mutane suka ɗauka ya gama, tafi ya ɓarke, mai gabatarwa ya karɓi lasifikar yana cewa masha Allah.

Malam Sunusi ya tashi ya yi sharhi. Ya nuna wa baƙi yadda amsa-amon bai kauce ba daga farko har ƙarshe, da yadda aka kamanta yarinya da fure da tauraro, da yadda aka rufe da tawakkali. Ya ce wannan shaida ce cewa ko a Legas Hausa ba ta lalace ba. Wani baƙo daga Ikorodu ya ce zai sa ɗalibansa su haddace ta. Ban taɓa jin baƙin ciki a taron da na wahala a kansa kamar na ranar ba, na zauna ina amsa gaisuwar mutane da murmushin dole.

Bayan an tashi ana rabon abinci, na je in sallami Hafsa. Tana nan a kujerar da na ajiye ta, ba ta taɓa abincinta ba. Malam Lado ya ƙaraso da littafin a hammata, ya ce mata su tafi kafin motar danfo ta yi wuya.

Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, har an tashi ne?"

"An tashi."

"Wadda ka karanta ta yi daɗi," ta ce. "Allah ya ba iyayen haƙuri, su ma sun yi rashi. To tamu fa? Yaushe za ka karanta ta yarinyar?"

Malam Lado ya tsaya da hannu ɗaya a kan kujerar roba. Masu kwance rumfa suna ta ce mana mu matsa, bai matsa ba. Hafsa ta juyo gare ni, ta gyara zama, tana jira in gaya mata ko akwai sauran karatu.